Tsirkiya mai santsi ko mai kaushi a jitar bes marar firet: yadda na bi su ɗaya bayan ɗaya

Jitar bes marar firet ita ce wadda aka bar wuyanta sumul, babu ƙananan ƙarafan nan da ake gittawa a allon yatsu. Duk inda ka danna, kan katako tsirkiya take sauka kai tsaye, shi ya sa gardamar irin tsirkiyar da za a ɗaura mata ta fi ta jita mai firet zafi. Tawa mai tsirkiya huɗu ce, waɗanda ake kira da sunan sautinsu, E, A, D da G, daga mai kauri zuwa siririya, tsawonta inci 34 daga nat, wato ɗan ƙashin nan mai tsagi huɗu da ke saman wuya, zuwa jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gindin jita. Allonta katakon rozwud ne tsirara, ba a shafa masa komai ba, sai fararen layukan roba da aka dasa a gurbin firet don su nuna wa yatsa hanya. Ta zo da tsirkiya mai kaushi, wadda ake rubuta wa roundwound a jikin kwali, ta ƙarfe marar tsatsa, kauri 45, 65, 85 da 105. Lambobin nan kason dubu ne na inci. Kowace tsirkiyar bes waya ce a ciki an naɗe ta da wata wayar. A mai kaushi, wayar naɗin zagayayya ce, sai jikin ya yi tudu da kwari kamar jikin kusa mai hanya. A mai santsi kuwa, wadda kwalinta ke cewa flatwound, naɗin waje siririn falle ne shimfiɗaɗɗe, an goge shi har farce ba ya jin gaɓa.

Wajen mako shida da fara kaɗa ta, na sassauta tsirkiyoyi zan share allo, sai na ga zane-zane ƙarƙashin D da G, tsakanin layi na uku da na bakwai, jere reras kamar sawun taya a ƙasa mai laushi. Gabana ya faɗi, don abin da kowa ke faɗa ke nan: mai kaushi tana cinye allo. Da na san gwajin farce a lokacin da ban yi gaggawa ba. Ka ja farcenka a gicciye bisa zanen. In ya wuce bai maƙale ba, tabo ne kawai, tsirkiya ta danne fatar katako ta sa shi ƙyalli, kuma babu abin da zai taɓa a sauti. In farce ya faɗa ya tsaya, to kwari ya fara. Nawa tabo ne, amma tsoro ya riga ya kai ni neman mai santsi.

Sayen farko a nan na yi asara, kuma laifina ne. Na dubi kauri kawai ban dubi tsawon naɗi ba. Tsirkiya mai santsi tana ƙarewa da siririn wuri da aka lulluɓe da zaren siliki, kuma wannan wurin kaɗai ya kamata ya naɗu a jikin kunnen ɗauri, wato abin da ake juyawa a ƙarshen wuya a ɗaure tsirkiya. Kwalin da na ɗauko na jita mai inci 35 ne, naɗinsa ya kai wajen inci 38, sai jikin E mai kauri ya hau kunne har zagaye ɗaya da rabi. Fallen waje ba ya son lanƙwasa mai tsanani. Ina cikin ɗaurewa, ban ma kai sautin E ba, na ji ƙas, na duba na ga naɗin ya buɗe baki wayar ciki ta tsinke. Mai kaushi takan jure irin wannan, mai santsi ba safai ba. Abin da ya kamata in yi tun farko minti biyu ne da tef ɗin awo: a auna daga inda zoben gindin tsirkiya ke zama zuwa nat, a sake aunawa daga wurin zuwa kunnen E. Dole siliki ya fara tsakanin awon nan biyu. In ya fara kafin nat, zare zai hau kan allo ya kashe sauti, in ya wuce kunne kuma abin da ya same ni ne. A jita mai inci 34 da ake saƙala tsirkiya a jikin jaki, naɗi mai wajen inci 37 ake nema. In kuwa jitarka irin wadda tsirkiya ke ratsowa ta bayan gangar jiki ce, akwai ƙarin tsawo, akwai kuma lanƙwasa mai kaifi a kan sirdi, wato ɗan ƙarfen da kowace tsirkiya ke zama a kansa a jaki, har kamfanin La Bella ya keɓe wani kwali daban don irin waɗannan jitoci, yana kuma gargaɗin kada a ratsa da na gama-gari. E guda ɗaya ba ta samu ba, dole na sayi cikakken kwali, na jira mako biyu kafin ya iso. Kuɗin mai santsi dama ya kusa ninka na mai kaushi, ni kuwa na biya sau biyu.

Da kwali na biyu ya zo, kauri 45, 65, 80, 100, na bi a hankali. Ɗaya bayan ɗaya na canza, don kada wuya ya rasa ja gaba ɗaya. Na zura tsirkiya ta jaki, na miƙe ta har ta wuce kunnenta da wajen santimita 8 zuwa 10, na lanƙwasa ta da filaya ta yi kusurwa sosai, sannan na yanke santimita biyu bayan lanƙwasar. Wannan lanƙwasa kafin yanka wajibi ce in wayar ciki zagayayya ce, don in ka yanke haka kawai naɗi zai iya zamewa daga wayar, tsirkiya ta mutu tun ba a kaɗa ta ba. In wayar ciki mai kusurwa shida ce tana riƙe naɗi da kanta, amma ba asara in an lanƙwasa. Sai a tura bakin cikin ramin kunne, a juya kunnen da hannu, naɗi biyu zuwa uku, kowanne yana sauka ƙarƙashin na baya. Kada a kama tsirkiya a riƙa zagaya kunne da ita don sauri, yin haka yana murɗa ta, murɗaɗɗiyar tsirkiya kuwa takan yi wani sauti mai rawa kamar biyu ake kaɗawa. A jita mai kunnuwa huɗu a jere, ɗan maɓallin da ke danne tsirkiya D da G kawai yake riƙewa, saboda haka tsirkiyar A tana son ƙarin naɗi don ta sauka ƙasa ta zauna daram cikin tsagin nat, in ba haka ba ta riƙa ƙara in an kaɗa ta a sake. Na ƙarshe, bayan an kai sauti, a sa babban yatsa a danna kowace tsirkiya da ƙarfi daidai gaban sirdi da bayan nat. Mai santsi tana da taurin kai, in ba a karya ta a nan ba sai ta yi baka a kan sirdi, saiti ya ƙi zama.

Washegari jitar ta zama wata aba daban, kuma na kusa ɗora wa tsirkiya laifin da ba nata ba. Tsirkiyoyi sun yi sama, dannawa sai da ƙarfi, kukan nan mai buɗewa da ake son marar firet dominsa, wanda makaɗa ke kwaikwaya da baki su ce muwaa, ya ɓace kamar an yi ruwa an ɗauke. Dalili shi ne fallen naɗi yana cike gurbi fiye da zagayayyar waya, ƙarfe ya fi yawa a kauri ɗaya, don haka yawancin masu santsi sun fi ja, kuma sun fi tauri a hannu. Jan ya rinjayi wuya ya ranƙwafa gaba. Ga yadda na auna: na sa kafo, wato abin da ke matse duk tsirkiyoyi a allo, a layi na farko, na danna E a inda wuya ke haɗuwa da gangar jiki, wajen layi na 17, na zura filageji, wato siririn fallen ƙarfe na auna tazara, tsakanin tsirkiya da allo a layi na 8. Da mai kaushi milimita 0.25 ne, yanzu ya haura 0.6. Na sassauta tsirkiyoyi, na sa alanki a kan sandar ƙarfen da ke cikin wuya mai daidaita ranƙwafawarsa, na juya dama kwatan zagaye, na mai da sauti, na bar ta ta kwana. Alankin ya zama daidai bakin, wasu jitocin milimita 4 ne, na kamfanin Fender ƙirar Amurka galibi 3/16 na inci, in ka sa wanda ya yi kusa amma bai cika ba za ka cinye bakin notin, gyaransa kuwa aiki ne babba. Sau biyu na juya a kwana uku kafin awo ya dawo 0.2. Marar firet tana son wuya ya kusa miƙewa sarai fiye da mai firet, don kukan nan daga gogar tsirkiya da allo yake fitowa, ɗan gaba kaɗan da inda yatsa ya danna.

Bayan wuya sai tsayin tsirkiya. Na sauke sirdi har E ta tsaya milimita 2 bisa allo a layi na 12, G kuma 1.6, na tsakiya suna bin ƙundun allon. Na duba nat ma, a nan na gano tun daga masana'anta tsaginsa ya yi sama, kamar na jita mai firet aka yanka. A marar firet, tazarar tsirkiya da allo a bakin nat ba ta wuce kaurin katin kasuwanci ba. In ta fi haka, sautin layi na farko da na biyu sai ya riƙa haurawa komai daidaiton yatsa. Wannan ban taɓa da kaina ba, na bar wa mai gyara, don tsagi in ya zarce ba ya dawowa. Sai daidaita tsawo a jaki. Tun da babu firet, yatsa ba abin dogaro ba ne a nan, faɗinsa ya yi yawa. Na sa gefen tsohon katin roba na danna tsirkiya daidai kan layi na 12, na gwada da sautin da ke fita in an taɓa wurin sama-sama ba a danna ba. In na dannawa ya fi sama, a ja sirdi baya, in ya yi ƙasa a turo shi gaba. Duk sirdi huɗun sai da suka motsa. Fikof kuma, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, na mai da tazararsa da tsirkiya wajen milimita 2.8 a ɓangaren E, 2 a ɓangaren G, ina danne da tsirkiya a ƙarshen allo.

Daga nan sai jira, wanda babu wanda ya gaya mini. Sabuwar mai santsi tana da danƙo a yatsa, zamiya ba ta tafiya, kuma tana da wani ƙaran ƙarfe marar daɗi a makon farko. Na goge ta da tsumma da ɗan barasar goge-goge, wani baƙin maiƙo ya fita, sauran kuma kaɗawa ce ta gyara. Sai a mako na uku zuwa na huɗu ta kwanta. Da ta kwanta, gaskiya akwai daɗi. Sauti mai nauyi, yana faɗowa da dum sannan ya janye da wuri, zamiya daga layi na 5 zuwa na 12 babu ko ƙis, yatsu ba sa zafi. Wannan ne sautin da bes na lantarki ya fara da shi, don Fender Precision da ta fito a 1951 da mai santsi ta zo, kuma James Jamerson, makaɗin bes na kamfanin faifai na Motown, ya yi aikinsa da La Bella masu kauri waɗanda ba ya canzawa sai sun tsinke. Mai kaushi ta bes sai a shekarun 1960 ta yi suna, lokacin da kamfanin Rotosound na Ingila ya yi aiki da John Entwistle, makaɗin bes na ƙungiyar The Who, a 1966. Amma kukan da nake nema ya dawo rabi ne kawai. Yana nan a D da G sama da layi na 7, in na kaɗa a hankali da tsokar yatsa a kan ƙarshen allo. A E da A kuwa sai dai kurum. Wani abu kuma da na lura, cikin taron kayan kiɗa ba na jin kuskuren yatsana da wuri, don sassan sauti na sama da kunne ke kamawa ya gane an kauce sun ragu. Mai sauraro ma bai cika ji ba, wannan rahama ce a dandali, amma a wajen koyo cuta ce.

Na gwada mai santsi ta biyu, Thomastik-Infeld Jazz Flats ta Ostiriya, kauri 43, 56, 70, 100, wadda aka sani da laushi. Wayar cikinta zagayayya ce, da siliki tsakanin ciki da naɗi. A nan abin ya juye: ja ya ragu sosai, sandar da na ƙara wa ɗauri ta rinjayi tsirkiya, wuya ya koma baya, layi na farko zuwa na biyar duk suka shaƙe. Na sassauta sandar fiye da rabin zagaye, kaɗan-kaɗan cikin kwana huɗu. Tsirkiyar A mai lamba 70 kuma ta yi wa tsagin da aka yanka don 85 kaɗan, tana ɗan kaɗawa a ciki, sai da na ƙara mata naɗi a kunne ta natsu. Wannan tsirkiya ta fi kowace mai santsi da na taɓa waƙa, tsakiyar sautinta a buɗe yake, amma tana son hannu marar nauyi, in ka fizge ta sai ta mari allo. A lokacin ne na fara jin wani zizi a wurare biyu ƙarƙashin G, a layi na 9 da na 14, wanda ba ya tafiya komai na juya.

Shi ya kai ni wurin mai gyaran jita. Ya kwance tsirkiyoyi, ya miƙar da wuya, ya ɗora doguwar rula ta ƙarfe a kan allo ya haska tocila ta baya. Tabon da ya tayar mini da hankali ko kallo na biyu bai yi masa ba. Abin da ya nuna mini shi ne layukan roba guda biyu sun ɗan taso, don katako ya tsuke da bushewar iska roba kuwa ba ta tsukewa, ga kuma ɗan tudu a ƙarshen allo. Su ne masu zizin. Ya ce in ɗauki wata jita in kaɗa ya gani. Ban yi minti ɗaya ba ya ce, "Malam, tsaya. Ba tsirkiya ke cin allonka ba, hannunka ne. Kana girgiza sauti kana tura tsirkiya gefe da gefe kamar mai firet, ai zarto ke nan ka sa wa katako." Ya nuna mini yadda masu biyolin da celo ke yi, yatsa yana mirginawa gaba da baya a bin tsawon tsirkiya, ita kuwa tana zaune wuri ɗaya. Ya kuma ce dannawata ta ninka abin da ake bukata, in sassauta har sauti ya fara shaƙewa, sannan in ƙara kaɗan, iyakarta ke nan.

Zaɓi uku ya ba ni: a goge allon a bar shi tsirara, ko a shafa masa sufagulu falle-falle a goge, ko a zuba masa efoksi, wani ruwan gam mai daskarewa ya yi tauri. Na ukun ita ce hanyar shahararren makaɗin bes Jaco Pastorius, wanda ya cire firet daga Fender Jazz Bass ɗinsa ƙirar 1962, ya cike tsagogin, ya shafe allon da efoksin jiragen ruwa don ya jure Rotosound masu kaushi da yake ɗaurawa. Duk wanda kukan Jaco ya ja shi zuwa marar firet ya san da wannan, mai kaushi ce a kan allo mai tauri kamar gilashi. Sai dai efoksi yana ƙara wa sauti kaifi, yana son mako guda ko fiye kafin ya bushe sarai a goge, kuɗin aikinsa ya ninka na guga sau da yawa, kuma cire shi wahala ne. Na zaɓi guga. Ya yi amfani da katakon guga mai ƙundu daidai da na allona, inci 9.5, ya zana fensir a duk faɗin allon don ya ga inda sanfefa ke ci da inda ba ta kai ba, ya fara da lamba 220, ya bi da 320, 400, har 600, sannan ya shafa mai kaɗan ya goge. Kafin ya fara sai da ya rufe fikof da salatif, musamman don ulun ƙarfen da ya yi ƙarshe da shi, wanda maganaɗisu ke jan garinsa. Abin da ya ci daga katakon bai kai kaurin takarda biyu ba. Ya sauke tsagin nat, kwana biyar na karɓo ta.

A kan gyararren allon na koma mai kaushi, amma mai rufin nikel, 45 zuwa 100, don nikel ya fi ƙarfe marar tsatsa laushi a katako da yatsa. Na sake bin duk awon nan daga farko, wuya, tsayi, sirdi, fikof. Kukan ya fito a duk tsirkiya huɗu, sauti yana daɗewa, yana buɗewa bayan an kaɗa, kuma in yatsa ya kauce ko da milimita biyu ne kunne na kamawa nan take. Farashinsa shi ne ƙarar zamiya, wadda nake ragewa da rufe maɓallin kaifi kashi ɗaya cikin uku da ɗaga yatsa kaɗan in zan canza wuri, sai kuma tsufa da wuri, don datti na shiga kwarin naɗi, wata biyu zuwa uku kaifin ya dushe. Wata takwas ke nan, tabo ya dawo, farce bai maƙale ko'ina ba. Ina share allo da ƙarƙashin tsirkiya da busasshen tsumma duk bayan kiɗa, don ƙurar da ke maƙalewa a nan ita ma sanfefa ce.

Akwai na tsaka-tsaki da na taɓa a jitocin wasu: wadda aka naɗa zagayayya sannan aka goge bayanta, da wadda aka matse naɗinta ya zama kamar ƙwai, irin GHS Pressurewound. Ta biyun ta fi kwanta mini a marar firet. Akwai kuma mai rufin leda baƙa, wadda ba ta cika cin allo ba kuma tana kusantar sautin babban bes na katako, amma tana da kauri har sai an faɗaɗa tsagin nat, kuma tun da yatsa ba ya taɓa ƙarfe, jitar da ba a killace wayoyinta da kyau ba takan yi gunji.

Da zan sake bin hanyar, da allo zan fara kai wa a duba kafin in sayi ko tsirkiya ɗaya, don rabin abin da na ɗauka halin tsirkiya ne ashe na saiti ne. Kuma ba zan yanke wa kowace hukunci ba sai na daidaita wuya, na ba ta mako uku, na ɗauki sautinta a na'ura da amfilifaya a saiti ɗaya na saurara washegari. Wanda allonsa eboni ne, ko na haɗin roba mai tauri, ko mai efoksi, abin tsoronsa a mai kaushi kaɗan ne. Mai rozwud tsirara zai ga tabo, kuma in yana kaɗawa kullum wata rana zai kai guga, kamar yadda mai firet ke kai ƙarafansa a daidaita. Wanda kuma aikinsa riƙe gindin kiɗa ne, yana son nauyi da shiru a zamiya, mai santsi za ta yi masa shekaru ba tare da canji ba, a nan tsadarta ke fanshe kanta. Tawa mai laushin ban yar ba. Na cire ta ba tare da na miƙe naɗin silikin ba, don miƙewa da sake lanƙwasawa ke karya bakin, na naɗe kowace a faɗin tafin hannu biyu na mai da ita ambulan ɗinta, na rubuta a bayan kwalin: sassauta sanda rabin zagaye, ƙara wa A naɗi ɗaya.